Ɗan Azumi Mai Wankin Raguna

Ragon da ya sauko daga tirela a Legas ba ya kama da abin da za a yi layya da shi. Tun daga Maigatari ko Illela yake tsaye a cunkushe, na sama na yi wa na ƙasa fitsari, gashi ya dunƙule da kashi, ido duk kwantsa. Mai saye kuwa, musamman Bayarabe, da ido yake sayen rago. In bai ga fari tas ba, gaba zai yi. A tsakanin tirela da mai saye Ɗan Azumi ya samu abincinsa, a nan kuma ya yi furfura.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Maigatari. Yana saurayi ya rako ragunan kawunsa zuwa kudu, da niyyar ya koma a motar da ta kawo su. Motar ta koma ba da shi ba. Ya yi dako a Mile 12 har wuyansa ya ƙi, ya yi gadi a wani gida a Abule Egba ya ga zaman wuri ɗaya ba nasa ba ne. Daga baya ya gangaro wata ƙaramar kara da ke bakin kogin Ogun, can bayan Ketu, inda ake sauke ƙananan dabbobi. Ya tarar dillalai na watsa wa raguna ruwa da bokiti, suna ƙara musu dauɗa. Sai ya kama wani balami ya ja shi cikin kogi. Da ya fito da shi, mai ragon sai da ya duba shaidar kunne kafin ya yarda nasa ne.

Aikin ba wuya gare shi a ido ba. Ka kama ƙaho da hagu, ka tokare ƙirji da gwiwa, ka ja da baya har ruwa ya kai maka cinya. Daga wuya ake farawa, a bar kai sai ƙarshe, don da ruwa ya shiga kunnen rago an gama shiri da shi. Omo da burushi, sai ɗauraya, sai ɗan bula kaɗan a ruwan ƙarshe don farin ya fito. A ɗaure shi a kan tsakuwa ya sha rana, kada a kuskura a kai shi inda zai kwanta a ƙasa. Ɗan Azumi yakan ce balami girman banza ne, da ya ji ruwa ya saki jiki. Uda shi ne ɗan rigima. Wani uda ne ya karya masa haƙorin gaba, kuma har yau in ya ga uda sai ya yi masa magana kamar tsohon abokin faɗa.

Gidansa ɗaki biyu ne a wani lungu na Ketu. Matarsa Batulu na suyar awara a bakin ƙofa, bakinta ya fi man kaskonta zafi. 'Ya'yansu sun fi jin Yarabanci da Hausa, in suna son su ɓoye masa magana kuma su juya Turancin buroka, su manta a tashar mota ya koye shi tun ba a haife su ba. Aiki bai taɓa yanke masa ba, don Yarbawa ba sa rabo da biki, yau suna, gobe aure, jibi a tuna da kakan da ya mutu tun zamanin Turawa, kowane kuma sai an yanka. Amma kakar aikinsa ita ce gabanin Babbar Sallah. Da yamma ya dawo a motar haya ta danfo, mutane na matsawa daga kusa da shi saboda warin rago, shi kuwa ya samu wurin miƙe ƙafa. Ya yi wanka, ya ci tuwo, ya kunna rediyo. Bai taɓa neman abin da ya wuce haka ba.

Abu ɗaya ne dai ba nasa ba, shi ne mashigin da yake wankin. Gaɓar kogin a wajen duk taɓo ne mai haɗiye ƙafa, sai wannan ɗan wuri da ke da yashi da tsakuwa a ƙasa, inda mutum zai tsaya da rago ba su nutse ba. Wurin na masunta ne tun kakanninsu. Babbansu, wani dattijo Baba Lasisi, shi ya ba Ɗan Azumi izini da baki, shekaru masu yawa da suka wuce. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa, kada ya ɓata musu ruwa. Masuntan na can ƙasa, bayan kwanar da kogin ya yi, amma Baba Lasisi yakan biyo ta gabansa a kwalekwale. Ya yi zaman Kano yana yaro, yana da Hausarsa mai manja. In ya iso sai ya kira shi da sunan da Yarbawa ke tsokanar Bahaushe da shi.

"Mola! Ka wanke rago ka manta da kanka!"

"Baba, kai da kake wuni a ruwa ma ƙarnin kifi bai sake ka ba."

Haka suke gaisawa, ba su taɓa canjawa ba.

Ɗan Azumi bai taɓa jin ya karya sharaɗin nan ba. Akwai dai wani magani da ake sayarwa a kara cikin gorar ruwa, babu takarda babu suna, kowa maganin kaska yake ce masa. Ragon da ya zo da kaska da ƙwarƙwata, akan tsiyaya murfi guda a bokiti, ruwan ya koma fari kamar madara, a shafe shi da shi. Kafin ya bushe ƙwarin sun zube. Ragowar kuma a juye a kogi. Ɗan Azumi yakan tsaya ya ga farin ya baje ya ɓace, sannan hankalinsa ya kwanta. Tun a makarantar allo aka koya masa cewa ruwa da abu uku ake gane shi, launi da ɗanɗano da ƙamshi. Muddin ba su canja ba, ruwa na nan da tsarkinsa, balle ruwa mai gudu. Da wannan ruwan yake alwala. Duk masu wankin da suka zo bayansa a wurinsa suka koya, su ma haka suke yi.

Masunta kuwa sun daɗe suna kuka. Duk shekara in Sallah ta matso sai su ga ƙananan kifaye sun taso ciki sama. Baba Lasisi ya ɗauka ɓarayin kifi ne, masu zuba guba su kwashe kifi a sauƙaƙe. Ya sa aka yi ta fakonsu ba a kama kowa ba. Shi da Ɗan Azumi har tsine musu suka yi tare.

Wata rana da rani sai ga wata mata ta gangaro mashigin da dogon takalmin roba da akwatin kwalabe, maza biyu na biye da ita. Ta yi sallama da Hausar 'yan Agege, rabi Hausa rabi Yarabanci. Sunanta Halima Sa'adiya, jikar wani mai goro ce, tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake auna ruwa. Suna bin kogin ne suna ɗibar ruwa da laka. Ɗan Azumi ya nuna mata inda za ta taka, ya cika mata kwalba biyu da hannunsa, ya yi mata dariya.

"'Yar nan, duk karatun naki a ɗibar taɓo ya ƙare?"

"Baba, kai ma ai na ga a wankin rago naka ya ƙare."

Ya ji daɗin amsar, ya manta da ita.

Ta dawo watan Sallah na gab da kamawa, tirelolin farko sun fara sauka. Wannan karon ita da Baba Lasisi suka zo, kuma Baba bai yi kiran Mola ba. Ta ce sun samu wani tsohon maganin ƙwari a lakar kogin, irin wanda gwamnati ta hana tuntuni. Akwai shi nan da can, don manoman koko sun yi feshi da shi can sama shekara da shekaru. Amma inda ya fi yawa shi ne daga mashigin nan zuwa kwana. Ta tambaye shi ko yana sa wa raguna wani abu ban da omo.

Bai ɓoye ba, don bai san akwai abin ɓoyewa ba. Ya shiga rumfarsa ya fito da gorar. Baba Lasisi ya karɓa, ya buɗe, ya kai hanci. Sai ya riƙe ta nesa da jikinsa.

"Gamalin," ya ce. "Wannan shi ne. Da shi ake kashe kogi. Na kori ɗan ƙanena daga ruwan nan saboda shi. Ashe kai ne, Ɗan Azumi."

Bai taɓa kiran sunansa ba sai ran nan.

Ɗan Azumi ya juya wajen matar. "Malama, ina zubawa ina kallo. Ruwa na tafiya da shi. Launi ba ya canjawa, babu wari, na sha da bakina ban ji komai ba."

"Baba, ban ce alwalarka ba ta yi ba, wannan sai malamai. Amma abin nan ba ya tafiya. Ƙasa yake sauka ya kama laka ya zauna. Tsutsa ta ci, kifi ya ci tsutsa, ya taru a kitsensa. Mutum ya ci kifi, ya taru a nasa. Mace mai shayarwa har a nononta ake samu."

Ya tuna tarwaɗar da Batulu ke saye a hannun matar Baba Lasisi, masu kitse take zaɓa, ta yi wa 'yarsu Ni'ima farfesu lokacin tana jego. Ya ce, "To a ba ni shebur. Ni da mutanena mu kwashe lakar."

"Kada ka taɓa ta. In ka motsa ta, sai ya tashi ya bi ruwa. A bar shi a kwance, sabuwar laka ta rufe shi a hankali. Zai daɗe, Baba, wataƙila ya fi mu daɗewa. Abin da za a iya shi ne kada a ƙara."

Wannan ya fi komai yi masa nauyi. Shi duk abin da ya ɓaci a rayuwarsa da hannu yake gyarawa. Yau an ce masa gyaran shi ne ya naɗe hannu.

Washegari da ya iso ya tarar an kafa sanda a tsakiyar mashigin, an ɗaura mata ɗanyen ganyen kwakwa. Ya zauna da Yarbawa isasshen zama, ya san ma'anar. Ba mai shiga ruwan nan sai masu shi sun cire. Ga raguna na sauka, ga dillalai na jira. In ganyen ya kai Sallah a wurin, masu raguna za su nemi wani bakin ruwan da wasu masu wankin, kuma dillali in ya canja hanya ba ya dawowa. Mutum mai furfura ba zai koma dako a Mile 12 ba.

Sauran masu wankin suka ce a tuge sandar, kogi na Allah ne. Ya ce wanda ya taɓa ta da shi zai yi. Batulu ta ce ya sayi goro ya je ya durƙusa.

"Ka je ka ba shi haƙuri, malam. Bakinka ba zai tsage ba."

"In ce masa me? Ya ce kada in ɓata ruwa, na ɓata. Haƙuri zai fito da abin daga laka?"

"To zauna. In tuwo ya ƙare sai mu ci taurin kanka."

Bai zauna ba. Ya ɗauki buhu ya bi rumfunan masu wanki ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka miƙo gorarsu, wasu sai da ya tsaya musu a ka, ya tuna musu wanda ya koya musu kama ƙaho. Mai sayar da maganin ya ji labari ya daina leƙowa kara. Buhun ya ɗaure shi, ya kira Halima Sa'adiya ta aiko mota aka ɗauka, don ta ce kada a binne kada a ƙona. Daga nan ya samu wani fili a kan tudu nesa da gaɓa, ya haƙa rami mai faɗi, ya zuba tsakuwa. Ya ari kurar 'yan garuwa, ya riƙa turo ruwa a jarka daga wata rijiyar burtsatse da ke bakin titi. Wankin da yake yi a kogi yana waƙa, yanzu sai ya yi sawu biyu kafin ya gama rago ɗaya.

Kaska ce matsalar. Likitan dabbobin kara ya ce akwai allura, amma ana yin ta ne da sauran lokaci mai tsawo kafin yanka, bana an makara. Saura hannu. Ɗan Azumi ya sayi matajin ƙarfe, ya zauna a kan turmi, ya kwantar da rago a cinya yana bin kunne da hammata da ƙarƙashin wutsiya, yana cirewa yana jefawa a gwangwanin kananzir. Batulu ta gama masifarta, ta rufe kaskon awara ta biyo shi. Ta fi shi ido, ba ta kuma bar shi ya manta ba.

Babban mai ba shi aiki wani Nassirou ne, mutumin Tawa, mai kawo uda zalla. Ya zo ya tsaya ya ga ana bin ragunansa da mataji.

"Mi ne ne wanga? Kitso kaka yi musu? Ga kamiyo biyu cike da raguna bisa hanya, kai kana nan kana susa! Sa musu magani mu wuce wurin."

"Babu magani."

"Ni in samo maka. Nan bisa tudu wa za ya gani?"

"Ruwan sama zai gani. Duk abin da aka zuba a tudun nan kogi yake komawa."

Nassirou ya kwashe rabin ragunansa ya kai wata kara. Sauran rabin ya bari, don duk faɗansa ya san ba mai fito masa da farin uda kamar tsohon nan. Wasu dillalan ma suka janye. Ɗan Azumi bai bi kowa ba. Bayansa ya riƙe, tafin hannunsa ya yi kanta saboda kura, Batulu na gasa masa da ruwan zafi tana faɗin ai ga irinta nan. Duk safiya in yana tura ruwa yakan hangi kwalekwalen Baba Lasisi ya tsaya a kwana, tsohon na zaune yana gyaran taru, fuskarsa na kallon tudu. Ba ya ɗaga hannu, Ɗan Azumi ma ba ya ɗagawa. Ganyen kwakwar ya bushe a jikin sanda, aka zo aka ɗaura sabo.

Ana jajibirin Arfa, da hantsi, yana durƙushe a kan wani uda sai ya ji Batulu ta ce, "Ga mutuminka nan." Ya ɗaga kai. Baba Lasisi ne ke hawowa tudun da ƙafa, yana haki, yana jan wani ɗan rago da igiyar taru. Ragon ƙarami ne, ramamme, kalar ƙasa, irin na kudu mai gajerun ƙafafu. Tsohon ya wuce su ya je wajen bokitai, ya sunkuya ya shinshina kowanne. Ya leƙa ramin, ya leƙa gwangwanin kaska. Ya shiga rumfa ya ɗaga buhunan da ke ciki. Ba wanda ya hana shi. Da ya gama ya dawo ya miƙa igiyar.

"Na Ileya ne," ya ce, yana nufin layya. "A wanke."

Ɗan Azumi ya dubi ragon sama da ƙasa. "Baba, wannan rago ne ko kyanwa?"

"Kai dai wanke. Ba nama na ce ka ƙara masa ba."

Ya kama ƙahon ya nufi ramin tsakuwa. Baba Lasisi ya riƙe igiyar.

"Ba nan ba. Ragona ba ya wanka da ruwan jarka kamar ɗan haya."

Suka gangara tare, ragon na turjewa, Batulu na biye da omo da burushi. A bakin mashigin tsohon ya tsaya, ya kama sandar ya girgiza ta har ta fito, ya jefa ta kan gaɓa.

"Omo kaɗai," ya ce.

"Da bula."

"Mece ce bula?"

"Abin da matarka ke sa wa farar agbadarka."

Baba Lasisi ya yi tunani. "To da bula. In na sake jin warin abin nan, Mola, ba ganye zan ɗaura ba, kai zan ɗaure."

Ɗan Azumi ya naɗe wando ya shiga, yana taka tsakuwar a hankali don kada ya tayar da abin da ke kwance a gefe. Ruwan ya kai masa cinya, sanyinsa ya ratsa bayan da ya riƙe. Ya tokare ƙirjin ragon da gwiwa ya fara daga wuya. Daga kan tudu masu wanki suka hango, suka fara kwance raguna suna gangarowa. Baba Lasisi ya samu dutse ya zauna, yana ba da umarni.

"Ka bi bayan kunnen da kyau. Kai, a hankali, ba uda ba ne!"

Duk yadda aka cuɗa shi, ragon bai yi fari ba, don Allah bai yi shi fari ba. Ɗan Azumi ya ɗauraye shi, ya miƙa wa Batulu ta kai shi rana, ya juya ya ce a kawo na gaba.